Malama ɗaya, shugabanni biyu: abin da muka gani a makarantar unguwarmu



A makon jiya muna gyaran akwatin takardun ƙungiya, saboda danshin damina ya fara taɓa wasu, sai muka ci karo da kwafin wata takarda da muka rubuta a shekarar 2019. Takardar ƙorafi ce, shafi ɗaya da rabi, an buga ta a wani shagon kwamfuta da ke bakin kasuwar Sabo. Ga sa hannun shugaban ƙungiya, ga na ma'aji, ga namu na sakatare a ƙasa. A cikinta muna roƙon a ɗauke wata malamar aji ɗaya daga firamaren gwamnati da yawancin yaranmu ke zuwa, a kai ta duk inda aka ga dama. Dalilanmu uku ne: tana makara, ba ta iya riƙe aji ba, kuma yara sun kusa shekara a hannunta ba su iya rubuta sunansu ba.

Malamar nan tana nan a makarantar har yau. Yanzu duk wanda zai sa ɗansa a aji ɗaya a unguwar nan, fatansa yaron ya faɗa ajinta. A tsakanin nan ba ta koma kwaleji ba, ba a kuma canza mata ɗakin aji ba. Wanda ke zaune a ofishin shugaban makaranta ne ya canza. Mun ga ya dace mu kawo muku labarin yadda yake, da kunyar da ke cikinsa, domin shugabar da ta gyara al'amarin za ta yi ritaya a ƙarshen wannan shekarar karatu, kuma akwai shawarar da ke gabanmu.

Sai mun koma baya kaɗan kafin a gane halin da muke ciki lokacin da muka rubuta takardar. A watan Janairun 2016 gwamnatin jihar Kaduna ta fara ciyar da yaran firamare. Duk wanda ke Sabon Tasha a lokacin zai tuna yadda azuzuwa suka cika maƙil, har da yaran da ko kai shekarun shiga ba su yi ba. A 2017 kuma gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba. Aka sallame su, aka ce za a ɗauki sababbi 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a watan Janairun 2018. Gari ya rabu biyu, har a cikin taronmu. Wasu na cewa gyara ne da ya daɗe da wajaba, wasu na cewa an zalunci mutanen da suka ba da rayuwarsu a aji. Kusan kowannenmu yana da ɗan uwa ko maƙwabci da abin ya shafa, daga nan har Kachia, Zonkwa da Kafanchan.

Abu ɗaya dai ya zauna a zukatan dukkanmu, masu goyon baya da masu adawa: cewa duk matsalar makaranta tana jikin malamin aji. Idan yaro bai iya karatu ba, malami ne. Idan aka cire marar kyau aka sa mai kyau, shi ke nan an gama. Ba mu taɓa jin wani a cikinmu ya tambayi wane ne zai karɓi sabon malamin idan ya iso, wa zai nuna masa aji, wa zai duba aikinsa ba.

Cikin sababbin da aka ɗauka aka turo mana wannan malama. Matashiya ce, ta yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, kusa da Kafanchan. Ba ta da kowa a Sabo, sai ta sauka a gidan wata gwaggonta a Gonin Gora. Duk wanda ya san hanyar ya san sai an hau mota biyu, ga cunkoson safiya. Ranar da ta iso, shugaban makarantar na lokacin ya nuna mata aji ɗaya da hannu daga bakin ofis, ya ce ga naki can. Ajin da kowa ke gudu ke nan: yara sun haura tamanin, rabi a ƙasa, wasu na kuka, wasu na barci, ga Bagwari, ga Bajju, ga Atyap, ga Adara, ga Bahaushe, ga Ibo, da yawansu ba su taɓa riƙe fensir ba. Tsofaffin malaman da suka tsira daga jarrabawa, waɗanda suka fi ta sanin aiki, suna aji biyar da shida inda yara ba su da yawa.

Duk wannan daga baya muka san shi. A lokacin abin da muke gani shi ne yaranmu na dawowa gida da littafi fari fat. Wata rana muka leƙa makarantar da ƙarfe takwas da rabi muka tarar da ajin ba malama, yara na tsalle a kan benci. Muka tambayi shugaba, aka ce ya tafi ofis kai takardu. Muka dawo bayan mako biyu, aka ce ya tafi taro. Da muka same shi a karo na uku sai ya ɗaga hannu ya ce, "To, ku ma kun gani. Irin waɗanda ake turo mana ke nan." Da wannan maganar muka dawo muka rubuta takarda. Allah ya taimake mu, ba a yi aiki da ita ba.

Bayan da aka koma makaranta daga dogon hutun korona, aka yi canjin shugabanni, aka kawo mana wata mata mai kimanin shekara hamsin da wani abu. Yara da malamai duk Mama suke kiranta, mu ma muka bi sahu. Ba ta kira taro ta yi dogon jawabi ba. Watanni suka wuce, sai muka fara lura da wasu abubuwa a gidajenmu. Yaro ya dawo da aikin gida an duba na jiya da jan biro. Yarinya ta tsaya gaban kwalin madara tana haɗa baƙaƙe. Ma'ajinmu, wanda shi ya fi kowa zafi lokacin takardar, ya zo taro ya ce autarsa ta karanta masa sunan da ke jikin keke napep. Aka tambaye shi ajin wa take. Ya yi shiru, sannan ya faɗi sunan malamar da muka nemi a kora.

Daga nan ƙungiya ta wakilta mu uku mu je mu ga abin da ke faruwa. Mun yi zirga-zirga kusan zango guda, kuma ga abin da idonmu ya gani.

Mama takan riga kowa isowa. Kafin bakwai tana bakin ƙofa. Littafin sa hannun malamai yana kan teburi a waje, ita ke fara sa hannu, kuma idan lokaci ya yi sai ta ja jan layi, duk wanda ya zo bayan nan sunansa na ƙarƙashin layi. A da ma akwai littafin, amma wani kan sa wa wani hannu, ba mai tankawa. Malamai sun ba mu labarin ranar da ruwan sama ya tsare ta a hanya, ta iso a makare, ta karɓi biro ta rubuta sunanta a ƙarƙashin layin da mataimakinta ya ja. Tun daga ranar ba wanda ya sake yi mata gardama a kan lokaci.

Kafin ta yi wa matashiyar malamar faɗa a kan makara, sai da ta zaunar da ita ta tambaye ta daga ina take zuwa. Da ta ji, sai ta yi magana da wata tsohuwar malama mai ɗaki a Unguwar Boro, aka sama mata wurin zama kusa. Matsalar da muka cika rabin shafi muna ƙorafi a kanta, tambaya ɗaya ta warware ta. Mu da muke 'yan unguwa, masu gidajen haya a cikinmu, ba mu yi wannan tambayar ba.

Ta raba aji ɗaya gida biyu. Da yake malamai ba su isa ba, ta sauko da ɗaya daga cikin tsofaffin daga aji shida, ita kuma da kanta ta riƙa shiga aji shida tana koyar da lissafi kowace safiya. An yi gunaguni, domin wanda aka sauko da shi ya ɗauka an rage masa daraja. Ta ce masa a gaban kowa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba za ta bar ɗanyen icce a hannun wanda bai ƙware ba shi kaɗai. Ganin shugaba da alli a hannu ya sa maganar ta mutu.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne shigarta aji. Takan ɗauki ɗan littafinta ta zauna a bencin baya tare da yara, ta saurari darasi daga farko har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Bayan an tashi sai ta kira malamin ofis su biyu kaɗai. Ta fara da abin da ya yi daidai, sannan ta kawo abu ɗaya tak da zai gyara kafin ta dawo. Malamar aji ɗaya ta ce abin da aka fara gaya mata shi ne ta daina juya wa yara baya tana cika allo da rubutu, ta riƙa bin layi-layi tana duba abin da ke hannun kowane yaro. A zuwa na biyu aka ce ta bayyana da Hausa, tunda ita ce yaren da ya haɗa duk yaran ajin, sannan ta maimaita da Turanci. A na uku aka nuna mata yadda ake koyar da ƙirga da marfin kwalba da tsinken tsintsiya. Ba ta taɓa jin an yi mata tsawa a gaban ɗalibai ba.

Kowace Alhamis bayan an tashi, malamai kan tsaya rabin awa. Ɗaya zai koyar da darasin da ke ba shi wahala, sauran su zama kamar yara, sannan a tattauna. Mun tambayi Mama inda ta samo wannan tsarin. Ta ce tun tana mataimakiya a wata makaranta ta samu horo a ƙarƙashin ESSPIN, shirin nan da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa daga 2008 a jihohi shida, wato Kaduna, Kano, Jigawa, Kwara, Enugu da Legas. Ta ce abin da ta riƙe daga horon shi ne aikin shugaban makaranta yana cikin aji, ofis wurin ajiye takardu ne. Da yawa sun sha wannan horo, in ji ta, amma da shirin ya ƙare sai aka naɗe tabarmar.

Ga kuma batun kuɗi. Duk abin da ya shigo makarantar, ko daga hukuma ko gudummawar iyaye, takan rubuta a takarda ta manna a bango, da abin da aka saya da shi. Malami ya daina sayen alli daga aljihunsa. Ƙaramin abu ne a ido, amma malamin da ke zargin shugabansa da cin kuɗin alli ba zai ji nauyin maganarsa a kan shirin darasi ba.

Kada a ɗauka lallashi kawai take yi. Akwai malamin da ke sa hannu ya zame ya tafi shagonsa. Ta yi masa magana a ɓoye, ta sake yi a gaban mataimaki, ta ba shi takardar gargaɗi, da ya ƙi ji ta kai rahotonsa sama, duk da masu zuwa roƙo, har da wasu daga cikinmu. A gefe guda kuma, ranar da wani ɗan ƙungiyarmu ya shiga makarantar da hayaniya zai ci mutuncin malami saboda an hori ɗansa, ta tare shi a ƙofar aji ta ce, "Alhaji, ni ce mai makarantar. Duk abin da malamina ya yi, ni za ka tambaya. Mu je ofis." Malamai sun san za ta hukunta su idan sun yi laifi, sun kuma san ba za ta bari a wulaƙanta su ba. Waɗannan biyun tare suke tafiya.

Akwai abin da ya fi ƙarfinta, kuma ya kamata mu faɗa. Rufin aji biyu na yoyo har yanzu. Ko bayan rabawa, yaran aji ɗaya sun fi ƙarfin malami guda. Lokacin da aka sace ɗalibai sama da 120 a makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar Kachia a ranar 5 ga Yulin 2021, tsoro ya kama iyaye da malamai a duk yankin nan, kuma ba shugabar firamare ce za ta magance wannan ba. Haka nan da aka sake yi wa malamai jarrabawa, har hukumar SUBEB ta sallami 2,357 a watan Yunin 2022, Mama ta riƙa tara malamanta ranar Asabar suna bita tare, amma duk da haka ba kowa ya tsallake ba. Shugaba nagari ba ya gina aji, ba ya biyan albashi. Abin da ke hannunsa shi ne yadda malamin da aka ba shi zai yi aiki daga ƙarfe bakwai da rabi zuwa tashi, kuma mun ga cewa wannan ba kaɗan ba ne. Ashe ma ba mu kaɗai muka lura ba, domin hukumar UNESCO ta keɓe babban rahotonta na ilimin duniya da ya fito a 2024 kacokan a kan shugabanci a harkar ilimi.

Da muka gama zagayenmu, sai muka ga akwai bashi a kanmu. Muka nemi ganin malamar a ofishin Mama. Shugaban ƙungiya ya fara magana, ya ce, "Malama, akwai wata takarda da muka taɓa rubutawa." Ta yi murmushi ta ce, "Baba, ai na san da ita. An karanta mini ita a gaban sauran malamai." Muka rasa inda za mu sa kanmu. Ta ce, "Abin da kuka rubuta ba ƙarya ba ne. Ina makara, kuma ajin ya gagare ni. Sai dai shekara biyu na yi ba wanda ya taɓa shiga ajina ya ga abin da nake yi, balle ya ce ga yadda ake yi. A kwaleji an koya mana darasi, ba a koya mana yara tamanin ba." Ta ce a lokacin har ta fara neman aiki a shagon POS, ta yanke shawarar barin koyarwa gaba ɗaya. Zuwan Mama ne ya tsayar da ita. Muka ba ta haƙuri, ta ce ya wuce. Laifi tudu ne, mun taka namu mun hango nata.

Tsohon shugaban ma ba za mu ɗora masa komai a ka ba. Mutumin kirki ne, ya yi ritaya, muna gaisawa. Mun taɓa zama da shi muka taɓo maganar. Ya ce shi an ba shi shugabanci ne saboda ya fi kowa daɗewa a aiki, ranar Juma'a yana malamin aji, ranar Litinin ya zama hedimasta. "An ba ni kujera," in ji shi, "ba a nuna mini aikinta ba." Ga fom na ƙidayar ɗalibai, ga rajistar abinci, ga taro yau ga taro gobe, sai ya ɗauka shugabancin ke nan. Mu kuma da muke da kujera a kwamitin SBMC, wanda aka kafa domin jama'ar unguwa su sa ido a kan makarantarsu, wakilinmu sau nawa ya halarci zama a waɗancan shekaru? Mun duba littafi, amsar ba ta da daɗin faɗa.

Yanzu ga abin da ke gabanmu. Mama za ta tafi. Ba mu ke naɗa shugaban makaranta ba, aikin hukuma ne, amma ana sauraron jama'ar unguwa idan sun je da magana mai ma'ana. Mun riga mun fara jin wasu na cewa a je a nemi a kawo "namu". A gari irin Sabo kowa ya san abin da wannan kalma ke nufi, kuma kowa ya san abin da ta jawo wa Kaduna a baya. Muna roƙon 'yan uwa, don Allah mu bar wannan hanya. Mama ba yarenmu ɗaya da ita ba, malamar aji ɗaya ma haka, kuma a hannunsu 'ya'yanmu suka iya karatu. Idan za mu je wurin sakataren ilimi, mu je da siffa, kada mu je da suna: muna son wanda ke shiga aji, wanda ke riga malamai zuwa, wanda ba ya ɓoye lissafin kuɗi.

Shawarwarin da za mu gabatar a taro mai zuwa guda huɗu ne. Na farko, a zaɓi wakilin SBMC da ke da lokacin zuwa zama, kuma ya riƙa kawo rahoto kowane wata, a rubuta a littafi. Na biyu, a roƙi Mama kafin ta tafi ta rubuta tsarin da take bi, zaman Alhamis da duba aji da sauransu, a ajiye kwafi a makaranta, kwafi a wurinmu, don kada ya tafi tare da ita. Na uku, duk wanda aka kawo, mu kai masa ziyara a makonsa na farko, mu yi masa maraba, mu tambaye shi abin da yake buƙata daga gare mu, tun kafin mu fara tambayar abin da muke buƙata daga gare shi. Na huɗu, ƙungiya ta sa doka a kanta cewa ba za ta sake rubuta ƙorafi a kan wani malami ba sai ta zauna da shi da shugabansa ta ji ta bakinsu.

Ma'aji ya ce a yaga tsohuwar takardar. Mun ce a'a, a bar ta a cikin fayil, domin wanda zai riƙe littafin nan bayanmu ya gani.

Taron yana nan ranar Lahadi bayan la'asar, a inda muka saba. Masu yara a makarantar, musamman iyaye mata da suka fi mu sanin abin da ke cikin jakar yaro, muna roƙon ku zo. Wanda ba zai samu zuwa ba ya aiko da shawararsa ta hannun maƙwabcinsa. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba Mama lafiya da hutu mai albarka, ya kuma zaunar da jiharmu lafiya.

Sakataren ƙungiya